Zanzaro a Hancin Tsohuwa

Asabar, Aboabo. Ruwa ya ɗauke da asuba.
Na yaye tamfol daga bayan Landiroba,
ta dube ni da fitila guda mai gani,
ɗayar ta yi yana tun Baba na da rai.

Ita ta yi dakon goro daga dazukan Ofinso,
laka har wuyan taya, huhu goma a gadon baya.
Ita ta kai Inna asibiti daren da aka haife ni.
Yau ga ta gindin mangwaro
tana ɗigar da baƙin mai cikin kwanon Abiba,
kwanon da na ce aro ne, shekara uku ke nan.

Ciwonta na bana mai wayo ne.
Takan tashi lafiya lau, har da gurnani,
sai mun doshi Ejisu ta soma tari,
ta shaƙe, ta mace a tsakiyar titi,
direbobin toro-toro na yi mini ruwan ham da baƙar magana.
In ta huta rabin awa, kamar ba ita ba.

Na wanke kan batir da ruwan zafi da kanwa.
Na kwance filogi huɗu, na goge, na hura, na mayar.
Na zuƙi tiyo har fetur ya wanke mini dasashi,
kokon safe ya koma ɗanɗanon gidan mai.
Kafireto na baje shi bisa tabarma
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
wani ƙaramin noti ya gangara, kaza ta bi shi,
ni kuma na bi kaza.

Sau biyu ina zuwa Magazin.
Wofa Boakye ya sayar mini famfon mai, sidi ɗari uku,
ya ce, Mumuni, ka kawo ta mu auna a sikeli,
ƙarfenta ya fi tafiyarta tsada.
Na yi dariya don kada in yi wani abu.

Akwai littafin Baba cikin akwatin sifanu,
ajami da fensir, shafi duk zanen yatsa:
ranar juye, ranar birki, kuɗin gaskit.
A ƙasan wani shafi ya rubuta,
kafin ka zare sifana, ka saurara.
Na daɗe ina karanta layin nan, ban taɓa jin sa ba.

Adiza ce, 'yar shekara tara,
mai riƙe mini tocila tana haska inda ta ga dama,
ta ce, Baba, in ka buɗe murfin tanki
me ya sa take ajiyar zuciya?

Na tayar da inji, na bar shi ya yi zafi.
Na murɗa murfin a hankali.
Fuuu, iska ta faɗa ciki
kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci.

Na juya murfin a tafin hannu.
Ɗan ramin numfashi, bai kai ƙwayar gero biyu ba,
zanzaro ya yaɓe shi da jar ƙasa,
ya yi ɗaki, ya shafe, ya tafi abinsa.
Wata biyu, sidi ɗari uku, fatar yatsu,
ashe magini ne ya yi mini haya ba sallama.

Tsinken tsintsiya ya gama aikin.

Da la'asar muka wuce Ejisu ba tari,
Adiza a gaba, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba,
gilashi na kaɗawa, giya na kuka irin nata na gado.
Na bar kwalta, na saki hanyar laka don ta tuna.

Mun dawo, na tura kwanon Abiba ƙarƙashinta.
Ɗis.
Wannan kuma sai wata Asabar.